Zaman Bayan Ɗori

Jiya da hantsi matar ɗana ta ɗauko wani tsohon zanen gado tana yayyagawa, wai za ta yi tsumman goge tagogi. Ina kishingiɗe a falo, ƙafafuna bisa matashi, sai na ji ta kama bakin zanen da haƙori ta ja. Kun san ƙarar. Tsohon yadin da ya sha wanki ba ya gardama, tafiya yake yi har ƙarshe da murya ɗaya. Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Ta ce, "Inna, sugan ne?" Na ce a'a, ci gaba da aikinki. Ta ci gaba. Ba ta san ta kai ni wuri biyu ba: wani ɗakin silima a cikin garin Lyon, da wata rumfar kara a ƙauyenmu, kudu da Damagaram, wadda gara ta cinye tun kafin a haifi mijinta.

Ni ban yi lakwal ba, wato makaranta. Ban san baƙin boko ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba, don abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ɗana ne ya kawo ni ƙasar nan bayan rasuwar ubansa, saboda ciwon suga. Yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, muna zaune a Vénissieux, a dogayen gidajen Minguettes, hawa na goma sha ɗaya. In asansar, na'urar hawa benen, ta lalace, ni da ƙasa sai kallo ta taga. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Gwiwoyi sun gaji, ido ya gaji, har bakin ma da ake cewa ba ya gajiya ya fara neman hutu. Amma wannan labarin ina so in ajiye shi wani wuri kafin in kwanta.

Duk matan da muke haɗuwa da su a suna ko gaisuwar mutuwa, 'yan Maradi, 'yan Tahoua, har da na Kano, sun san ni ɗiyar gidan maɗora ce, don ba na barin su manta. In yaron wata ya yi targaɗe, sai in kama ƙafar in jujjuya, in ce a gidanmu wannan ba a ma zama a kansa. Da jikata ta fari, takwarata, ta shiga karatun likita, na ce jini ne, ba ya ɓuya. Na faɗa a Lyon, na faɗa a waya har gida. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa, in jini ne, ni ba na ɗorin.

To, wajen shekara goma da zuwana, takwarar tawa tana koyon aiki a wata asibiti a arewacin Paris, ƙarƙashin wani tsohon likita. Ran nan tsakiyar mako sai ga ta da jaka, ba hutu, ba salla. Ta shiga ɗaki ta rufe. Ubanta ya yi tambaya sau biyu, ya daina. Uwarta ta yi ta kai abinci tana dawowa da shi. Kwana uku a haka, sannan ta fito ta zauna gabana a ƙasa ta ce in tsefe mata kai. Ina tsifa, tana ba ni baya, a nan ta faɗa mini.

Wani mutum ne aka kawo musu, mai dakon kaya a babbar kasuwar Rungis, ya faɗi ya karye a hannu. Baƙo ne, a wajen Porte de la Chapelle yake kwana, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ita ta sa masa farin simintin nan da suke sa wa karaya. Ta ce ya yi kyau ƙwarai. Mutane cike a layi, sai ta ba shi takardar da ke cewa in yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi a dawo da gudu, ta wuce ga na gaba. Ba ta tsaya ta ga ko ya iya karantawa ba. Kwana uku ya dawo, hannu ya kumbura a cikin simintin, sai da aka yi masa aiki, yatsu biyu ba sa motsi. Tsohon likitan bai yi mata faɗa ba. Ce mata ya yi kullum da safe ita za ta je ta wanke masa ciwon da hannunta, har ya warke.

"Wulaƙanci ne, Kaka," in ji ta. "So yake mutumin ya riƙa kallona kullum. Na kai ƙofar ɗakin, na kasa. Na rubuta takardar barin aiki, ran Litinin zan aika."

Hannuna ya tsaya a cikin gashinta. Amma abin da na ce shi ne, "Daina motsi, kina sa ina ja miki." Shi ke nan abin da na iya.

Ran Lahadi gidan ya yi mata ƙunci. Ta ce ana nuna tsofaffin finafinai a cikin gari, in zo in raka ta. Na ce ni, da furfurata, gidan silima? A zamaninmu mace mai mutunci ko ƙofar ba ta bi. Ta ce, "Tsohuwa, duk waɗanda za ki tarar can sun girme ki." Na yi sallar azahar, na ɗaura kallabi, muka shiga tiram, jirgin kan titi, muka sauka muka shiga metro, na ƙarƙashin ƙasa. Gaskiya ta faɗa. Ana yayyafi, ga fararen kawuna a layi da lema, wasu da sanda, suna jira ba mai tura wani. Na ce a raina, me aka dafa a ciki haka?

Fim ɗin na mutanen Japan ne, na da can, baƙi da fari. Ban san ko ita ta san na likitoci ne ko ba ta sani ba, har yau ban tambaye ta ba. Abin da ya fara ba ni mamaki, a ƙasa suke zama kamar mu. Suna tuɓe takalmi a ƙofa. Ƙarami in zai yi wa babba magana sai ya durƙusa. Ruwa ake yi musu ba ƙaƙƙautawa, talakawansu da tsummoki, suna layi a ƙofar wani gidan magani na katako. Ga tsohon likita mai ɗaure fuska, ga wani saurayi da aka turo masa, ya yi karatu a birni, yana tafiya hancinsa a sama. Rubutu na gudu a ƙasan hoton, takwarata ta fara raɗa mini ma'ana a kunne. Wata mata a gabanmu ta waiwayo ta sa yatsa a baki. Na ce, "Bar shi. Wa ya ce miki ina neman tafinta? Tsohon ya raina yaron, yaron ya raina tsohon, saura mu ga wa zai fara gajiya."

Ban taɓa zama cikin shiru irin wannan ba in ba a huɗuba ba. Mutane ɗaki guda, ba harshensu ba, ba ƙasarsu ba, ba zamaninsu ba, amma ko tari mutum zai yi sai ya danne. Wani tsoho a gefena ya ɗora hularsa bisa gwiwa, ya riƙe ta da hannu biyu kamar za a ƙwace masa.

Can sai aka kawo wani mai ɗaukar itace, ƙafarsa ta karye. Saurayin likitan ya karɓe shi. Ya jera itatuwa, ya kama yadi da haƙori ya yaga. Wannan ƙarar. Ya naɗe, ya ɗaure, nan da nan, aiki tsaf, ya miƙe yana wanke hannu yana duban ko an gan shi. Tsohon ya taso. Ya zo ya zauna a ƙasa wajen ƙafar mutumin, ya kama yatsunsa, ya danna farce, ya zuba ido. Ya zauna. Ya yi ta zama, har na ji kujeru sun fara motsi a bayana. Sannan ya kwance ɗaurin duka, ya miƙa wa yaron yadin. Daga nan ban ƙara ganin Japan ba. Ina ƙarƙashin rumfar Iya.

Iya ita ce kakata, uwar ubana. Ita ce maɗoriyar ƙauyenmu da ƙauyuka huɗu na kewaye. Daga ubanta ta gada, don ba shi da namijin da ya yarda ya zauna. Gajeruwa ce, baƙa, tafin hannunta kamar faifai. Rumfarta tana bayan rumbuna, kusa da tsamiya, kullum tana warin man shanu da hayaƙi. A jikin ginshiƙi akwai damin karan dawa da ta zaɓa da kanta lokacin girbi, masu kauri ɗaya, ta tsaga, ta saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. A cikin wata tsohuwar tukunya akwai tsofaffin zannuwa, don ba ta ɗori da sabon yadi, ta ce sabo ba shi da tausayi. Da bazara ake kawo mata waɗanda suka faɗo daga gyaran soro. Da damina, waɗanda santsi ya kayar da yara masu hawan itace. Da rani, waɗanda jaki ya harba a hanyar rijiya.

Ina wajen shekara tara ta zaɓe ni cikin jikokinta. Ta kama hannuna ta jujjuya ta ce wa ubana, "Wannan tawa ce." Shekara biyu ba abin da nake yi sai yaga tsumma, ɗumama mai, da riƙe kan mai karaya a cinyata in za a ja ƙashi. Sannan ta bar ni ga awaki. Duk akuyar da ta karye a ƙauyen tawa ce. Wallahi hannuna ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ina jin bakin ƙashi ƙarƙashin fata kamar ina ganinsa. Ɗaurina ya fi na Iya kyan gani, mata suna faɗa a gabanta, tana jin su.

Abu guda ne na Iya ya ishe ni. In ta gama ɗori, ta yi tofi, ba ta tashi. Sai ta zauna wajen yatsun mutum, ta riƙe su, ta danna farce har ya yi fari, ta saki, ta jira jan ya dawo. Ta zura ɗan yatsanta ƙarƙashin ɗaurin. Ta yi ta hira da mai ciwon a kan gero da tsadar gishiri, tana sake dannawa, har tukunyar da aka ɗora ta tafasa. Kashegari da sassafe, kafin a saki awaki, tana ƙofar gidansa, ko ƙauyen da nisa. Safiya uku a jere. Ni ce mai riƙe mata ƙwaryar mai, ina tafe ina hamma, raɓa na jiƙa mini zane. Na ɗauka tsufa ne da son hira. Sau ɗaya na tambaye ta. Ta ce, "Ƙashi ba ya gudu. Nama ne ke tashi bayan an tafi." Na ji, amma a kunne ya tsaya.

Daminar da nake shekara goma sha huɗu, Iya ta tafi gaisuwar mutuwa a ƙauyen da ke ƙetaren korama. Aka kwana ana ruwa, korama ta cika ta kawo, ba mai haurowa. Ran nan da rana aka shigo da ƙawata, ɗiyar mai kitson unguwarmu, wadda muke zuwa itace tare. Ta hau ɗinya reshe ya karye, ta faɗo kan hannun dama. Uwarta na kuka, ana ta a jira Iya, a jira Iya. Ni na ce ba sai an jira ba. Ba wanda ya tilasta mini. Na sa aka riƙe ta, na ja, na ji ƙashi ya koma, na jera kara, na yaga tsumma da haƙori, na ɗaure. Na ƙara ja don kada ya goce, don kada Iya ta dawo ta sami abin gyarawa. Mata suka yi ta sa albarka. Wata ta ce ga sabuwar Iya. Na miƙe na ɗauki tulu na tafi rijiya, ba don ana buƙatar ruwa a gida ba, don dai a tare ni a hanya a tambaye ni.

Kashegari aka wayi gari da ruwa, na ja mayafi na ƙara kwanciya. Da rana uwarta ta zo ta ce yarinya ba ta runtsa ba, tana cewa hannun na cin wuta. Na ce ai karaya ce, dole ta yi zafi, a ba ta kunu. Haka na faɗa, da muryar manya. Rana ta uku korama ta janye, Iya ta hauro, zanenta jiƙe har ƙugu. A ƙofar gari aka ba ta labari. Ba ta biyo gida ba, can ta wuce da kayanta a kai. Aka aiko in zo. Na tarar ta kwance ɗaurin. Hannun ya kumbura yana ƙyalli, sawun kara ya nutse a ciki, yatsun sun yi sanyi, sun yi launin toka. Iya ta danna farce. Muka jira. Ɗakin cike da mata, jan kuwa ya ƙi dawowa.

Hannun bai ruɓe ba, Allah ya kiyaye. Amma yatsu uku suka lanƙwashe ciki kamar ƙafar kaza. Na jira duka. Da ta doke ni da na ji daɗi. A hanyar gida, da muka kai gindin tsamiya, ta tsaya. Ta miƙo mini ƙwaryar mai ta ce, "Daga gobe, kullum da safe, ke za ki je. Ki ɗumama, ki shafa, ki miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Za ta yi kuka. Kada ki daina, kada ki yi sauri."

Na je. Na kai har bakin danga da ƙwaryar a hannuna. Na ji muryar ƙawata a ciki tana tambayar uwarta ko za ta iya koyon kitso in ta warke. Na tsaya, na ga hayaƙin gidansu na tashi, na ji ana daka a maƙwabta. Na juya. Na zubar da man a bayan rumbu na ce na je. Kashegari na ce cikina na ciwo. Kafin mako na roƙi uwata a kai ni wajen ƙanwarta a birnin Damagaram, wai in taya ta reno. Iya na zaune a rumfa lokacin da na fita da ƙullin kayana. Na durƙusa na yi mata sallama. Ta dube ni ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ita ta riƙa zuwa, da gwiwoyinta, kullum da safe, har damina ta zagayo. Yatsa ɗaya ya miƙe, biyu suka ƙi. Ba ta sake zaɓar kowa a jikokinta ba. Ni na yi aure a birni, na haihu, ina zuwa ƙauye da rana in koma da rana. Da Iya ta rasu muka yi zaman makoki, sai ga ƙawar tawa ta shigo da goyo, hannun dama cikin mayafi. Ta gaida kowa, ta zo gabana ta durƙusa. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta yi murmushi ta ce, "'Yar birni, kin yi ƙiba. Na yi ta sauraren takunki a bakin danga." Na ce Allah ya ba da lada. Na dubi tabarma har ta tashi. Bayan bakwai aka kwashe karan Iya aka hura wuta da su.

Tafi ne ya dawo da ni. An kunna fitilu, mutane na tafawa, wasu a tsaye, suna tafa wa mutanen da suka daɗe a kabari. Tsohon da ke gefena yana share ido da hannun riga, bai damu ko an gan shi ba. Wani ya hau gaba da abin magana aka fara hira. Takwarata ta ce wani saurayi yana yabon yadda aka sa haske da ruwan sama. Sai wata tsohuwa ta miƙe da sanda, ta yi magana kaɗan ta zauna. Na ce me ta ce? Ta ce wai duk rayuwarta jinya ta yi a asibiti, duk sanda aka nuna fim ɗin nan sai ta zo, don ta ga wurin da tsohon ya zauna. Na ce, "Wannan ta san abin da ta zo kallo." Na dubi takwarata. Idanunta sun yi ja.

Ruwa ya ɗauke. Na ce ƙafata ba za ta kai metro ba sai na huta. Muka sami benci a bakin kogi, ta share mini da gyalenta. La'asar na neman wucewa, na sani, amma na san kuma in na tashi daga wurin nan bakina ba zai sake buɗewa ba.

"Kin san me ya sa ba a ɗori a gidanmu yanzu?"

"Kin ce zamani ne. Kin ce asibiti ta zo."

"Na ce. Ƙarya na yi."

Ta juyo. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku, ban rage ba, har man da na zubar a bayan rumbu. Shekara sittin ba wanda ya ji shi daga bakina, ko mijina. Ina magana ina kallon ruwa. Da na gama ta dube ni.

"Ashe da gaske jini ne," in ji ta.

"Rufe mini baki, marar kunya."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na bar ta ta yi. Sannan na ce, "Ni ban san tsohon likitanki ba. Wataƙila mugu ne. Amma wanda ya gama da kai ba ya ba ka ƙwaryar mai. Iya ba ta sake miƙa wa kowa ba."

"In mai ciwon ya tofa mini yawu fa, Kaka? In ya ce a fitar da ni?"

"Sai ki goge, ki koma jibi. Ni ba wanda ya tofa mini. Ga ni nan."

Ran Litinin bayan asuba na ce da ni za a je. Ubanta ya ce Inna, Paris ba kasuwar unguwa ba ce. Na ce na sani, ni na haife ka. Muka shiga jirgin ƙasa, awa biyu, ba ta ci komai ba. Matakalan metro na Paris kuwa, Allah ya isa tsakanina da wanda ya gina su. Sau uku ina tsayawa ina riƙe ƙarfe. A asibitin ta zaunar da ni kan kujerar roba a wani dogon lungu mai warin magani. Ta buɗe jaka ta ciro takardar barin aikin ta ce, "Riƙe mini." Na cusa a lalitata.

Sai ga wani ɗan tsoho ya taho, guntu, farin gashi, takalminsa ya ci a gefe guda. Da a kasuwa na gan shi da na ce mai gadi ne, ashe shi ne tsohon likitan. Ya gan ta, bai ma tsaya ba, ya faɗi kalma biyu uku ya wuce. Na ce me ya ce?

"Ya ce na makara kwana biyar. Ɗaki na huɗu."

Ta sa farar riga, ta wanke hannu, ta ɗauki tiren kayan wanki. Ta kai ƙofar ta tsaya. Na san tsayuwar nan, na san inda nauyin yake a ƙafa. Ta waiwayo ta dube ni. Na sunkuyar da kai kan carbina, don in na dube ta za ta ga tsoro. Na ja ɗaya, biyu, uku. Da na ɗaga kai ƙofar ta rufe, ba ta a lungun.

Ta daɗe. Can ta fito. Na ce ya yi magana? Ta ce, "A'a. Ya juya fuska bango." Ta zauna kusa da ni, ta cire safar hannu. "Amma ya miƙo hannun."

Yatsa ɗaya ya dawo masa, ɗaya bai dawo ba. Mutumin bai taɓa ce mata ya yafe ba, da aka sallame shi ma ba ta san inda ya nufa ba. Takardar tana nan cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa, ba ta taɓa tambaya ba, ni kuma ban san abin da ke cikinta ba. Bayan dawowarmu na sa ɗana ya buga waya gida a nemo mini ƙawata. Aka ce ta rasu damina biyu da suka wuce. Ɗiyarta ta ce da hannun hagu ta yi sana'ar ƙosai har ta aurar da su duka. Ta tambaya wace ce ke nema. Na ce a ce mata wata ce da suka yi wasa tare.

Yanzu an ce ko a ƙauyenmu babur ake hawa a kai mai karaya gari, a ɗauki hoton ƙashi, a sa siminti. Ya fi, ban ce bai fi ba. Wurin rumfar Iya an ce shagon cajin waya ne. Matan suna kuwa sun lura na daina kama ƙafar yaransu, suna cewa tsufa ne, na bar su a haka.

Takwarata ta zama cikakkiyar likita, a Paris take har yanzu. Wata ɗaya sau ɗaya take zuwa, ta ajiye jaka, kafin ta sha ruwa sai ta ce in miƙo ƙafa, saboda sugan. Tana zama a ƙasa ta tuɓe mini safa. Ta duba tsakanin yatsu. Ta danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ta saki. Nawa jan ya daina saurin dawowa. Sai in ce, "Likita, tashi mana, abinci na hucewa." Ta ce, "Tsohuwa, ina kika ce gishiri ya fi tsada, nan ko Damagaram?" Ta riƙe ƙafar, ta sake dannawa. A kicin tukunya na kan wuta. Ba ta tashi.